Ana yaba zanena a intanet, amma babu mai saye

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai zane ce, ina aiki da fentin mai a kan kyalle. Shekara biyu ke nan ina ɗora ayyukana a Instagram, ana ta yabawa, amma har yau ban sayar da ko ɗaya ta nan ba. Kwanan nan wani gidan baje kolin zane ya rubuto mini cewa zai nuna aikina idan na biya kuɗin shiga. In biya? Kuma ina gizo ke saƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Mai yabo da mai saye ba abu ɗaya suke nema ba. Mai yabo ya ga abin da ya burge shi, ya danna, ya wuce. Mai saye kuwa yana son sanin girman aikin, ainihin launinsa, kuɗinsa, da yadda zai iso hannunsa lafiya. Shafukan masu zane da yawa ba su amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai mai niyyar saye ya yi shiru ya tafi.

Ki fara da hoton, domin shi mai saye zai gani, ba zanen ba. Ki rataye aikin a bango mara ado, ki kafa waya ko kyamara a kan abin da ba ya motsi, idonta daidai tsakiyar zanen kuma a miƙe da shi. In ta karkata ko kaɗan, sai ki ga saman firam ya fi ƙasansa faɗi, ko akasin haka. Ki kashe filasha. Fentin mai yana da sheƙi, hasken da ya doke shi gaba da gaba zai dawo cikin kyamara ya bar farin tabo. Maganinsa fitila biyu iri ɗaya, dama da hagu, kowace a kan digiri 45 daga fuskar zanen. In babu fitilu, ki fita inuwa da rana, inda haske ya bazu. Kada ki haɗa hasken taga da na ƙwan lantarki, domin ɗaya na jan launi zuwa shuɗi, ɗaya zuwa rawaya, kuma gyaransa a kwamfuta wahala ce. Ki sa farar takarda a gefen zanen a hoton farko, da ita za ki daidaita launi.

Sannan ki ajiye kwafi biyu. Babba, wanda zai ba da ɗigo 300 a kowane inci idan za a buga, wannan naki ne, ba ya hawa intanet. Ƙarami kuma, na ɗorawa a Instagram, fiksel 1080 a faɗi da 1350 a tsayi, a tsarin launi na sRGB. Wani tsarin daban yakan sa ja da kore su kwanta a wasu wayoyin. Kowane aiki ya samu hoto uku aƙalla: cikakkensa, wani daga kusa inda ake ganin sawun buroshi da kaurin fenti, da wani yana rataye kusa da kujera don a gane girmansa.

A ƙarƙashin hoton ki rubuta sunan aikin, shekara, abin da aka yi shi da shi, tsayi da faɗi a santimita (tsayi ake fara faɗa), da ko yana nan ko an saye. A ra'ayina ki sa farashi ƙarara. Mutane da yawa na jin nauyin tambaya, kada a ambaci abin da ya fi ƙarfinsu. Hanya mai sauƙi ta yanke farashi ita ce ki haɗa tsayi da faɗi, ki ninka da wani adadi guda da kika tsayar wa dukkan ayyukanki. Zane mai 60 da 40 ya ba da 100, mai 90 da 60 ya ba da 150, kin ga farashin zai hau bisa tsari. Kada kuma ki sayar wa wani da rahusa a ɓoye. Masu tara zane suna magana da juna.

Instagram kuma zanen aro ne, ba ya rufe katara. Kamfanin ne ke zaɓar wanda zai ga abin da kika ɗora, kuma ana iya rufe shafi ko a sace shi a wayi gari babu komai. Ki buɗe ƙaramin shafin intanet da sunanki, ki sa ayyuka 15 zuwa 20 mafiya ƙarfi, da taƙaitaccen bayanin abin da kike zanawa da dalili. Duk wanda ya taɓa tambayar farashi, ki nemi izininsa ki karɓi imel ɗinsa. Idan sabon aiki ya kammala, su za ki fara aika wa kafin kowa. Mutum 50 irin waɗannan sun fi mabiya dubbai amfani.

Batun gidan da ya rubuto miki: kada ki biya tukuna. Gidan baje koli na gaskiya daga kamasho yake ci, galibi kusan rabin kuɗin aikin, saboda haka sai ya sayar zai samu. Wanda ya karɓi kuɗinki tun farko ya riga ya ci ribarsa, ko an saya ko ba a saya ba. Ki duba ko sun ambaci wani aikinki da suna, ko kuwa wasiƙar gama-gari ce. Ki nemi masu zane biyu ko uku da suka taɓa nunawa a wurin, ki tambaye su ko sun sayar. Gasa da baje kolin da ake buɗe wa kowa sukan karɓi ɗan kuɗin rajista, wannan daban ne, matuƙar an bayyana alƙalan da masu shiryawa.

'Yan damfara ma suna bin masu zane. Wani zai turo shaidar biyan da ta wuce farashi, ya ce ki mayar da ragowar ga mai ɗaukar kaya, daga baya biyan nasa ya zama na bogi. Wani zai ce zai sayi aikinki a matsayin NFT, wato shaidar mallakar hoto da ake saye da sayarwa a intanet, amma sai kin biya kuɗin rajista a shafin da ya turo. Kada zane ya bar hannunki sai kuɗi sun zauna a asusunki. Aikin da aka ba ki kwangila kuwa, ki karɓi kafin alƙalami, bisa al'ada kashi 30 zuwa 50 cikin 100, da rubutacciyar yarjejeniya.

Idan an saya, ki haɗa da takardar shaida mai sa hannunki, ki rubuta a ciki cewa haƙƙin bugawa da kwafa yana wurinki, domin sayen zane ba sayen wannan haƙƙin ba ne. Wajen shirya zanen don aikawa kada ledar nan mai ƙuraje ta taɓa fuskar fenti, tana barin tabo. Ki fara rufe shi da takarda mai santsi mara asid, ki kare kusurwoyi huɗu da kwali. In naɗe kyallen za ki yi, fenti ya kalli waje, kuma sai ya bushe sarai, in ba haka ba zai tsage.