Ku Tambaya Mu Amsa: Ina Aka Binne Kakana?

Tambaya: Malam, ni 'yar Mai Wurno ce ta ƙasar Sudan, amma yanzu muna zaune a Kasala. Kakana ya bar gonar auduga a Jazira ya shiga soja yana saurayi, kakata na da cikin babana. Ta ce a Karan, wani gari a ƙasar Iritiriya, harsashi ya same shi a cinya, aka ɗauke shi da rai, ya yi kwana tara yana jinya kafin ya cika. Abin da ya dawo gida bargo ne da wani ɗan faifai mai lambarsa, yana nan cikin gwangwanin shayi, na naɗe shi da tsumma. Shin a Karan kabarinsa yake?

Amsa: 'Yata, Allah ya jiƙansa. Ki riƙe faifan nan da kyau, ya fi sunansa amfani wurin bincike.

Garin da kike zaune ma yana cikin labarin. A Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Italiya sun kama Kasala a Yulin 1940, aka ƙwato ta a Janairun 1941, daga nan rundunar Ingila ta nausa Iritiriya ta Agordat. A duwatsun Karan aka yi ta gwabzawa tun farkon Fabrairu har 27 ga Maris 1941. Akasarin mayaƙan ɓangaren Ingila Indiyawa ne da Turawa, tare da dakarun Sudan, rundunar da aka kafa a 1925.

Kwana taran nan da kakarki ta ambata shi ne ya canja lissafi. Wanda ya faɗi nan take a kusa da fagen ake binne shi. Mai rauni kuwa baya ake kwasarsa zuwa asibitin soja, kuma inda rai ya yi halinsa nan ake yi masa sutura. A takardun soja ma ajinsu daban ne, ana rubuta cewa raunuka ne suka yi ajalinsa. Don haka kada ki kafe a kan Karan kaɗai.

Hukumar CWGC, mai lura da kaburburan sojojin ƙasashen Commonwealth, ita ce ke kula da maƙabartar yaƙi ta Karan da ta Khartum, inda aka zana sunayen waɗanda ba a san kabarinsu ba. Ki shiga shafinta na intanet ki nema da lambar. Suna kam sai kin yi haƙuri, domin magatakardan wancan zamani sun sha mayar da Mamman ya koma Mohammed, Audu ya koma Abdalla. Ki gwada duka, har da sunan mahaifinsa.