Amsar tambayarka kan jakunkunan Faransa

Toh ɗana, na ga saƙonka da hoton da ka turo. Kace jaka ɗaya ta kamfanin Hermès na Faransa ana sayar da ita sama da dala 10,000, mu kuma sai mu wuni a rumfa muna ɗinki a zo ana taya mana kaya kamar ana taya tumatur, shine kake tambaya wai me suke sa wa a ciki da mu ba mu sa wa, ko kuwa kai ma ka nemo tambarinsu ka dinga bugawa a naka yadda wasu ke yi. Ta biyun dai kul, kar in kuskura in ga wannan a rumfata. Wanda ya san jakar kallo ɗaya zai yi ya gane, wanda bai sani ba kuma ka cuce shi, ka ci haram.

Ta farkon ita ce abin zama a yi magana. Ka fara sanin cewa mutanen nan asalinsu dukawa ne irin mu, masu kayan doki. Thierry Hermès, wanda ya kafa kamfanin, a 1837 ya buɗe shagonsa a Paris, ragama da linzami da kayan da ake ɗaura wa dokin jan karusa yake yi, ɗansa ya mayar da shagon titin Faubourg Saint-Honoré a 1880 ya ƙara da sirdi, har yau suna nan a wurin kuma har yau suna yin sirdi. Da mota ta fito doki ya fara ja baya sai suka juya hannun nan zuwa jaka, babbar jakarsu ta farko ma ta zuba sirdi da takalman mahayi ce. Kaga kenan ɗinkin da ke jikin jakar da ka turo min ɗinkin sirdi ne, wanda aka ƙirƙira dan kar majayi ya tsinke mutum yana bisa doki a guje. A nan maganar take.

Ga yadda ake yinsa, ka karanta a hankali. Zare ɗaya ne, na lilin, ana murza shi da kakin zuma sosai, sai a sa allura biyu, ɗaya a kowane bakin zaren. Kafin a fara akwai wani ƙarfe mai haƙora a jere da ake ɗorawa kan fatar a buga, ba hudawa zai yi ba, alama kawai zai bari ta inda kowane rami zai zauna, shi yasa tazarar take fitowa daidai ba ɗaya ya fi ɗaya. Sai a matse fatar cikin wani katako mai baki biyu da mutum ke riƙewa tsakanin cinyoyinsa dan hannuwa biyu su samu sakewa. Basilla a hannun dama, ka huda rami ɗaya, allura ta shiga ta hagu ta fito dama, ɗayar ta bi ramin nan dai ta fito hagu, ka ja duka biyun da ƙarfi iri ɗaya, sannan ka huda na gaba. Rami ɗaya ɗaya, haka har ƙarshe. Amfaninsa shine kowane rami zare biyu ne suka gitta a ciki, in ɗaya ya tsinke ɗayan na riƙe da fatar. Keke kuwa zaren sama ne ke maƙale na ƙasa a tsakiya, in ka yanke wuri ɗaya ka ja sai ya bi ya warware. Kai ma ai ka sha ganin hannun jakar da aka kawo mana gyara ya zazzage haka.

Kuma in ka duba hoton da kyau za ka ga ɗinkin a ɗan karkace yake, kowane ɗaya ya kwanta gefe guda. Bakin basillarsu ba zagaye bane, mai kusurwa ne, in ka riƙe ta a karkace iri ɗaya kullum haka zai fito. In hannunka ya juya ko kaɗan layin zai tona maka asiri, kuma fata ba yadi bace, ramin da ka huda ya hudu kenan. Ba wai ko keke ba sa taɓawa ba fa, akwai wuraren da suke sa shi, amma inda nauyi yake da inda ido ke sauka hannu ne.

Sai bakin fata, wanda shi ne yaranmu suka fi rainawa. Ku da kun yanka kun shafa gam kun ɗinke shikenan an gama. Su kuwa za su goge bakin da samfefa, su shafa launi, su bi shi da ƙarfe mai zafi, su sake gogewa su sake shafawa, sau da yawa, ƙarshe su bi da kaki har sai ka shafa yatsa ba ka gane fata biyu ko uku aka haɗa ba. Hatta ƙarfen makulli ƙananan ƙusoshi ake sa masa, a yanke tsinin a dinga bubbuga kan da guduma har ya zama dunƙule sumul ba abin da zai kama tufafi. Mutum ɗaya ne ke ɗaukar jaka daga farko har ya gama, awa 15 zuwa 20 ko fiye, kwana biyu zuwa uku kenan yana kan abu ɗaya, sannan a buga alamar da ke nuna shekara da wanda ya yi. In ta lalace bayan shekara ashirin ka mayar musu za su gyara. Sabon ɗauka kuma sai ya yi sama da shekara yana koyo kafin a sakar masa jaka shi kaɗai, a 2021 ma makaranta sukutum suka buɗe ta koyar da aikin. Kai wata nawa ka yi ka fara cewa in ba ka oda?

Amma kar in yaudare ka, ba duk kuɗin ne na aiki ba. Kaso mai yawa suna ne da ƙarancin kayan, dan ba shiga za ka yi da kuɗinka kace a ba ka a miƙo ba, sai ka jira. Shahararriyar jakarsu da ake kira Birkin a 1984 ta fito, bayan shugaban kamfanin Jean-Louis Dumas ya zauna kusa da 'yar wasa Jane Birkin a jirgi tana ƙorafin ba ta da jakar da ke ɗauke mata kaya. Ta farkon da aka yi mata, duk ta tsufa ta goge, an yi gwanjonta a Paris a 2025 kan yuro miliyan 8.6. Wannan ai ba fata aka saya ba. Louis Vuitton kuma da kake gani ko'ina a kasuwa, shi akwatin tafiya ya fara yi a 1854, kuma jikin jakarsa mai launin ruwan ƙasan nan da zanen harufan LV wallahi ba fata bace, yadi ne mai kauri da aka shafe da roba, hannu da gefuna ne kawai fatar saniya, wadda take da haske tana sabuwa ta yi duhu da tsufa. Abin dariyar ma ɗansa Georges ya fito da zanen a 1896 ne dan maganin masu kwaikwayo, ga shi yau yana cikin abin da aka fi kwaikwayo a duniya.

Maganar fata kuwa kar ka ji ka raina kanka. Jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi fatarsu na cikin waɗanda duniya ke yabo, tun zamanin ayari ake ɗaukarta daga Kano a keta Sahara, Turawa suna saye a hannun 'yan Arewacin Afirka suna ce mata fatar Maroko. Har yau kamfanonin jima na Kano na fitar da fatar akuya da ta tumaki zuwa Italiya da Sifen. Jimar bagaruwa da jan karan dafi da majemanmu ke yi ba abin kunya bane ko gaban wa. Inda muke faɗuwa tun wajen fiɗa ne, mahauci na sauri wuƙa ta zazzaga fata, ga tabon ƙaya ga na kaska, ƙirgin saniya kuma rabinsa ya tafi tukunya an yi ganda. Su Hermès fatar maraƙi suka fi amfani da ita, kuma saboda muhimmancinta sai da Hermès ya sayi majemu nasa, na Annonay da na Puy a can Faransa. Mai yanka zai shimfiɗa fatar a haske ya zagaye duk tabo da alli ya kauce masa, gaban jaka daga bayan dabba zai fitar inda fatar ta fi tsauri, na ciki da hammata mai saki ba zai sa a fuska ba. Mu kuma dan kar a yi asarar taƙi ɗaya sai mu cusa har da gefen ciki, bayan wata uku jaka ta zube gefe ɗaya.

Dan haka ga abin da za ka yi. Gobe in Allah ya kai mu ka biya Ƙofar Wambai ka samo kakin zuma da allura biyu marasa tsini, ka ɗebi ragowar fatar da ke ƙarƙashin tebur. Ƙarfen alamar zan sa maƙeri ya yi mana, kafin nan ka auna da rula ka ɗiga. Layi miƙaƙƙe za ka dinga yi, taƙi ɗaya ɗaya, bayan la'asar in aiki ya lafa, kuma bayan ɗinkin zan fara dubawa ba gaban ba, dan a nan karkatar hannu ke fitowa. In layinka ya miƙe sai mu gwada walat guda mu ga nawa za a taya.