Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Abinci, Shekaru da Ƙarfin Ƙashi a Gwajin Ɓeraye

Tambaya: Likita, ni mace ce mai ƙiba, kuma an sha gaya mini cewa nauyin jiki yana ƙara wa ƙashi ƙarfi. Kwanan nan na ji an ce gwaji a kan ɓeraye ya nuna akasin haka. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malama, kowace daga cikin maganganun biyu tana da gaskiyarta. Ƙashi abu ne mai rai wanda yake ƙara kauri idan ana ɗora masa nauyi, shi ya sa awon ma'adinin ƙashi yakan nuna masu jiki sun fi ramammu. Sai dai nauyin tsoka daban, nauyin kitse daban, kuma a nan ne ɓeraye suka wayar mana da kai.

Masu bincike sukan raba ɓeraye iri ɗaya gida biyu, su ba wa rukuni guda abincin da kashi 60 cikin ɗari na kuzarinsa daga maiƙo yake, ɗaya rukunin kuma kashi 10 kacal. Bayan wasu watanni sai a ɗauki hoton cikin ƙasusuwan, sannan a ɗora ƙashin cinya a kan madogara biyu, a danna tsakiyarsa har ya karye, domin a san iyakar abin da zai iya ɗauka. Abin da aka fi gani shi ne, ɓerayen da suka yi ƙiba sun rasa wani ɓangare na ƙashin ciki, wato wanda yake kama da soso, kitse kuma ya taru a ɓargonsu. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙwayoyin da suke gina ƙashi da ƙwayoyin kitse tushensu guda ne a cikin ɓargo, idan ɗaya ya rinjaya sai ɗayan ya ragu. Ƙari a kan haka, kitse mai yawa yana sakin sinadaran kumburi waɗanda suke zaburar da ƙwayoyin da aikinsu shi ne rushe tsohon ƙashi.

Tsoka kuwa jan ƙashi take yi a duk lokacin da aka motsa, kuma wannan jan ne yake sa shi ginuwa. A shekarar 1997 masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun samar da ɓerayen da ba su da sinadarin miyostatin, mai taka wa girman tsoka birki. Tsokarsu ta ninka ta sauran, daga baya kuma aka ga ƙasusuwansu ma sun ƙara cika. Don haka ina roƙonki kada ki dogara da abin da sikeli ya nuna, ki riƙa tafiya da ƙafa da duk wani motsi da zai sa tsokarki aiki.

Tambaya: Likita, ni ɗalibi ne. Yaushe ƙashin ɓera yake fara rauni, kuma daidai yake da na mutum?

Amsa: Ɗalibi, ɓeran ɗakin gwaji yakan rayu shekara 2 zuwa 3, ƙashinsa yana cika ne tsakanin wata 4 zuwa 6, yayin da na ɗan Adam yake cika dab da shekara 30. A nau'in ɓeran da ake kira C57BL/6, wanda aka fi amfani da shi a gwaji, ƙashin ciki yana fara raguwa tun ɓeran yana da 'yan watanni, kuma ɓeraye mata sun fi maza saurin rasa shi. Idan tsufa ya zo, ramin ɓargo yana faɗaɗa, ɓawon waje yana sirancewa, ƙashin ya zama mai saurin tsagewa. Amma ka lura cewa ɓera mace ba ta yin irin yankewar al'ada ta mata, sai an cire mata ma'ajiyar ƙwai kafin a kwaikwayi wannan hali. Gado ma yana da tasiri, domin nau'in C3H ya fi C57BL/6 cikar ƙashi nesa ba kusa ba, ko da abinci ɗaya suke ci.

Tambaya: Likita, 'yata mai shekara 14 ta rage cin abinci sosai don kada ta yi ƙiba. Shin hakan zai taɓa ƙashinta?

Amsa: Malam, wannan tambaya ta fi damuna. Ƙananan ɓerayen da aka rage wa abinci da kashi 30 cikin ɗari suna tsakiyar girma sun tashi da siraran ƙasusuwa masu rauni, kuma duk da ramarsu, kitse ya ƙaru a ɓargonsu. Shekarun da 'yarka take ciki su ne lokacin da jiki yake tara mafi yawan ƙashin da za ta rayu da shi, tana kuma bukatar furotin da kalsiyam da bitamin D isassu. Ka zauna da ita cikin lallashi, ba faɗa ba, mahaifiyarta ta bincika ko al'adarta tana zuwa daidai, sannan ku kai ta asibiti a duba ta cikin wannan makon.