Kuɗin FAFSA ba na mai bizar karatu ba ne

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce wani ya gaya maka gwamnatin Amurka tana biya wa ɗalibai kuɗin makaranta, har ya nemi ka biya shi ya cike maka fom ɗin FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayyar Amurka. Kada ka ba shi ko sisi. Fom ɗin kyauta ne, kuma ba kai aka yi wa shi ba.

Tallafin gwamnatin tarayya a nan na 'yan ƙasa ne, sai masu girin kad da waɗanda aka ba mafaka. Wanda ya shigo da bizar karatu ta F-1 ba ya cikin lissafi. Kafin ma jami'a ta turo maka takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar, sai ka nuna shaidar banki cewa kana da kuɗin shekara guda.

Bara na zauna da 'yar maƙwabcina mai girin kad muka cike nata, babanta na gefe riƙe da takardun harajinsa, don wanda bai kai shekara 24 ba kuma bai yi aure ba, galibi samun iyayensa ake dubawa. Ta samu tallafin Pell, kuɗin gwamnati da ba bashi ba ne, wanda iyakarsa dala 7,395 a shekara. Ragowar da bashi ta cike. Ka ga ko su ba a ɗauke musu nauyin duka ba.

Don Allah ka riƙe wannan: kada wani ya ruɗe ka ka rubuta cewa kai ɗan ƙasa ne a kowace takarda. Wannan ƙaryar tana iya hana mutum zaman Amurka har abada.

Aljihun jami'o'in za ka nema. Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst suna ɗaukar ɗalibin waje ba tare da duba talaucinsa ba, kuma su cike masa abin da ya gaza, sai dai shiga da wuya ƙwarai. Idan digiri na biyu ne ko na uku, nemi aikin taimaka wa malami wajen koyarwa ko bincike. Ni ta nan na bi: awa 20 a mako ina duba takardun ɗalibai, aka yafe min kuɗin makaranta, ana ba ni na haya da abinci duk wata.

Ka leƙa ofishin EducationUSA da ke Abuja ko Legas, su aikinsu ke nan, ba ɗalibai shawara kan neman karatu a Amurka. Sannan ka turo min sakamakonka na WAEC da fannin da kake so, mu zauna mu zaɓi makarantu tare. Ka gaida Umma.