Allura ɗaya ta wata guda: amsar tambayar Habu

Habu, jiya muna wanke sirinji ka tambaye ni: tunda makiyayi ba ya dawowa allura ta biyu, me ya hana a dunƙule maganin cikin wani abu mai narkewa a hankali, a yi wa saniya sau ɗaya a huta? Ana yin haka, yarona, amma bari ka ji inda gizo ke saƙar.

Wata roba ce da ake kira PLGA, dangin zaren tiyatar nan da ke narkewa cikin jiki ba sai an warware ba. Da abu biyu ake haɗa ta: asid ɗin laktik, wanda ke sa nono tsami, da na gilaikolik. Ruwan jiki ne ke tsittsinka ta har ta koma waɗannan biyun, jiki ya sarrafa su. In rabi da rabi aka haɗa, takan narke cikin wata ɗaya zuwa biyu; in laktik ya rinjaya, sai ta kai watanni.

Ana narkar da ita cikin dikuloromitan, wani sinadari mai saurin tashi, a zuba magani, a burga cikin ruwa mai PVA (sinadarin da ke hana ɗigo haɗewa) kamar yadda ake burga nono, har ta tarwatse ɗigo-ɗigo. Sinadarin ya tashi, ɗigon ya sandare, a wanke, a busar. Abin da za ka gani a kwalba gari ne kamar fulawa. In hannunka ya yi sanyi wajen burgawa, ƙwayoyin su yi girma su toshe allura.

Wahalar tana farko da ƙarshe. Maganin da ya maƙale a bayan ƙwayar garin yakan fita gaba ɗaya a ranar farko. Wannan da sauƙi, dabba mai zazzaɓi ma tana buƙatarsa. Wutsiyar ce ke hana ni barci. Bayan ƙarfin ya wuce, maganin zai ci gaba da tsiyaya kaɗan-kaɗan na makonni, bai isa ya kashe ƙwayar cuta ba, sai dai ya koya mata jurewa. Kuma duk tsawon lokacin yana cikin nono da nama. Wace Bafilatana za ka ce wa ta yi ta zubar da nono wata biyu?

Shi ya sa inda abin ya fi karɓuwa shi ne ciwon da ke wuri ɗaya. A 2001 Amurka ta amince da Arestin, garin maganin ƙwayar cuta minosaikilin cikin wannan robar, da ake cusa wa mutum a dasashi. Karnuka ma suna da Doxirobe, ruwa mai kauri da ke sandarewa a dasashin.

Ga kuma zafinmu. Robar tana fara laushi tun wajen digiri 45, garin ya cure. Ka san yadda akwatin babur ke yi a watan Afrilu.

Kwalbar allurar oksitetirasaikilin mai dogon zango da ke kantarmu ba wannan ba ce. Ruwan haɗinta ne ke riƙe ta cikin tsoka kamar kwana 3. Gobe in an kawo bijimin nan, kai za ka auna shi. Mililita 1 ga kowane kilo 10, ka raba wuri biyu a wuya, sannan ka karanta wa mai shi kwanakin jira kafin a ci naman da ke rubuce jikin kwalbar.