Kun Tambaya, Mun Amsa: Neman Aiki a Ƙungiyoyin Duniya

Assalamu alaikum. Na gama digirin farko a fannin tattalin arziki bara. Na nemi aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya ya fi sau goma, ko amsa ban taɓa samu ba. Shin sai mai uwa a gindin murhu? — Wani mai karatu

Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin ka ɗora laifin kan rashin hanya, koma ka duba harafi da lambar da ke jikin kowane gurbi da ka nema. Muna kyautata zaton P-2 ne ko P-3, wato matakan guraben ƙwararrun ma'aikata na ƙasa da ƙasa. Gurbin P-2 yana son digiri na biyu da aƙalla shekara 2 ana aiki, P-3 shekara 5, P-4 kuwa 7. Mai digirin farko kan shiga, amma yawanci sai ya ƙara shekara 2 a kan waɗancan. Wanda bai cika wannan ba tun a tacewar farko ake zubar da shi.

Ƙofofin sabon ɗan makaranta daban suke. Akwai shirin YPP na ɗaukar matasan ma'aikata a Majalisar, jarrabawa ce ta waɗanda ba su haura shekara 32 ba, masu digirin farko da suka iya Turanci ko Faransanci. Sai dai ba kowa ke zaunawa ba: sai ’yan ƙasashen da ba su da isassun ma'aikata a Majalisar, kuma jerin ƙasashen da fannonin kan sauya daga shekara zuwa shekara. Akwai aikin koyon makama, wanda a wasu hukumomin na ɗaliban ajin ƙarshe ne da waɗanda ba su yi shekara da gamawa ba, don haka lokacinka na ƙurewa. Ka karanta ko ana ba da alawus, domin wasu hukumomin na biya, wasu ba sa ba da ko sisi. Sannan ga aikin sa-kai na Majalisar, wato UNV, mai kuɗin guzuri duk wata, da na matasan Tarayyar Afirka na wata 12.

A ganinmu, wadda aka fi rainawa ita ce ta fi buɗuwa: guraben NO, waɗanda ake ware wa ’yan ƙasa a ofisoshin da ke cikin ƙasarsu, da na ƙungiyoyin agaji da ke tallata aiki a shafin intanet na ReliefWeb. Shekara biyu a irin wannan wuri ita ce za ka rubuta gobe a takardar neman P-2. Shirin JPO na ƙananan jami'ai kuwa gwamnatoci masu ba da tallafi ne ke ɗaukar nauyinsa, kuma akasari ’yan ƙasarsu suke turawa.

Ina da ƙwarewar da ake nema, amma ba a kira na ganawa. Me nake kuskurewa? — Wata mai karatu

Malama, sau da yawa fom ne. A manhajar Inspira ta sakatariyar Majalisar, abin da kika cike a tarihin aikinki da amsoshin tambayoyin tancewa shi ake aunawa. Idan talla ta ce ana son wanda ya taɓa sa ido kan ayyuka da tantance sakamakonsu, ke kuma kin rubuta "na taimaka a harkokin ofis", mai dubawa ba zai yi miki duba ya gano kin iya ba. Rubuta abin da kika yi da hannunki, wa kika yi wa, yawansa, da abin da ya haifar, da kalmomin da tallar ta yi amfani da su. Sa wata da shekarar fara kowane aiki da barinsa, domin da su ake ƙirga shekarun ƙwarewa. Ki tabbatar jami'arki na cikin kundin WHED na jami'o'in da aka amince da su. Kada ki cika baki kan harshe. Wanda ya ce ya ƙware a Faransanci za a iya jefo masa tambaya da shi a tsakiyar ganawa. Ana rufe gurbi da ƙarfe 11:59 na dare agogon New York, kuma fom da aka adana ba a tura ba daidai yake da wanda ba a cike ba.

An turo mini takardar ɗaukar aiki mai tambarin Majalisar, an ce in biya kuɗin horo da biza. In biya? — Wani mai karatu

Kada ka biya, ’yan damfara ne. Majalisar ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki, daga nema har horo, kuma ba ta ɗaukar wanda bai nema ba, bai zauna ganawa ba. Duba adireshin da saƙon ya fito: na sakatariya da un.org yake ƙarewa, ba Gmail ko Yahoo ba. In har ka riga ka tura musu hoton fasfo ko bayanan asusunka, ka sanar da bankinka yau.