Ga ɗan'uwan da ake ce wa bincikensa ba injiniyanci ba ne

Wa alaikumus salam Injiniya. Ka ce kana digiri na biyu a kan yadda injiniyoyi ke adana ilimin zane da yadda suke isar da shi ga juna, ka raba takardun tambayoyi a ofisoshi kusan babu wanda ya dawo maka da su, ga shi a sashe ana ta ce maka wannan aikin 'yan gudanarwa ne, shin ka canza maudu'i? Kada ka canza, ƙanena. Ni ma ta wannan hanyar na bi, har yau akwai abin da in na tuna sai raina ya ɓaci.

Masu cewa ba injiniyanci ba ne, a difens ɗinka na gaba, wato zaman kare aikinka, ka ba su labarin otal ɗin Hyatt Regency na Kansas City a Amurka. Ranar 17 ga Yuli 1981 gadojin tafiya biyu da ke rataye a cikin otal ɗin suka rufto kan jama'a, mutum 114 suka mutu. A zanen asali sandar ƙarfe ɗaya ce doguwa za ta sauko daga rufi, ta riƙe gadar hawa na huɗu, ta zarce ta riƙe ta hawa na biyu. Masu haɗa ƙarfen suka ga wannan zai yi wuyar aiki, aka mayar da ita sanduna biyu, gadar ƙasa ta koma rataye a jikin ta sama. Nauyin da ke kan notin gadar sama ya ninka biyu. Zanen da aka canza ya je ofishin injiniyoyi, aka buga masa hatimi ya dawo, babu wanda ya sake lissafi, kowane ɓangare yana zaton ɗayan ya duba. Injiniyoyin sun rasa lasisinsu. To a tambayi Farfesa, wannan matsalar ta wa ce in ba tamu ba? In bai gamsu ba ka ƙara masa da kumbon Mars Climate Orbiter da NASA ta rasa a 1999, saboda wani ɓangare yana fitar da alƙaluma da ma'aunin fam, ɗayan yana karanta su a matsayin niyuton.

Maganar takardun tambayoyi kuwa, ko da sun dawo duka ba za su ba ka abin da kake nema ba. Ka tambayi babban injiniya ko ofishinsu na adana ilimi, zai zaɓi "na yarda ƙwarai" ya miƙo maka, alhali fayil ɗin aikin bara yana cikin kwamfutar wani yaro da ya bar aiki ya tafi da ita. Kowa a babi na biyu na kundinsa yana kwafo Polanyi, 1966, cewa mutum ya san fiye da abin da zai iya faɗa, ya kwafo Nonaka da Takeuchi, 1995, ya zana akwatunansu huɗu na yadda ilimi ke sauya siffa. Sai a babi na uku ya ce zai auna wannan ilimin da ba ya faɗuwa da takardar cikewa! Alhali misalin da Nonaka ya shahara da shi, na injin yin burodi na kamfanin Matsushita, ma'aikaciyar sai da ta je wani otal a Osaka ta tsaya kusa da shugaban masu burodi tana kwaɓa fulawa da hannunta, kafin ta gane yadda yake murɗa ƙullin yana ja. Zama ake yi da mutane. Bucciarelli na jami'ar MIT ta Amurka ma haka ya yi, ya shiga cikin masu zane ya zauna yana kallo yana saurare.

Ni wani ofishin masu zanen gine-gine da hanyoyi na samu, ba zan faɗi suna ko gari ba. Ogan wurin ya karɓe ni hannu bibbiyu, har da cewa "ai ofishin naka ne". Na shafe watanni ina zuwa, da kuɗin motata, da abincina. Akwai wani dattijo mai zane, tun zamanin allo da fensir yake wurin, kowa Baba yake ce masa. Duk wanda ya maƙale wurinsa yake zuwa. Ya kan ɗauki zane ya karkata kai, ya sa farcen babban yatsa a kan layi ɗaya ya ce, "Wannan kwalbatin ba zai ɗauki ruwan wurin nan ba, na san rafin." Babu inda aka rubuta wannan. A gefen tsofaffin zanuka kaɗai za ka ga 'yan kalmominsa da jan biro. Shi ne kundina gaba ɗaya, wallahi.

Sai na fara bin diddigin canji ɗaya da aka yi a wani aiki, girman rodin wata fila da aka rage tsakanin zane na biyu da na uku. Na tambayi wanda ya yi lissafin, ya ce a waya aka faɗa masa. Na tambayi na wurin gini, ya ce saƙon murya aka turo masa ta WhatsApp, wayar kuma ta lalace. Ban zargi kowa ba, tambaya kawai nake yi. Ashe wani ya kai gulma cewa ɗan kwangilar da suke rigima da shi ne ya turo ni leƙen asiri. Wata safiya ina shigowa maigadi ya tare ni, mutumin da kullum muke gaisawa har ina saya masa goro. Aka kai ni gaban Oga, bai ko ce in zauna ba. Ya kira ma'aikata suka tsaya a bakin ƙofa, ya ce in buɗe kwamfutata in goge duk hirar da na naɗa, yana tsaye a kaina. Na ce ranka ya daɗe, kai ka ba ni izini. Ya ce, "Ina takardar?" Haka na riƙa dannawa ɗaya bayan ɗaya, hannuna yana rawa, har da hirarrakin Baba, shi kuwa yana can kan teburinsa bai ɗago kai ba, kuma ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Ogan nan har lambar girma ake ba shi a taruka, yana hawa mumbari yana wa'azin a taimaki matasa. Na taɓa haɗuwa da shi a wani ɗaurin aure ya miƙo min hannu kamar bai taɓa ganina ba. Da na koma wurin mai duba aikina kuwa, abin da ya fara tambaya shi ne ko takardar da za mu buga da sunansa a gaba za ta samu. Ko sannu. Na bar su da Allah. Baba ya rasu kafin in gama karatun, Allah ya jiƙansa, abin da ke kansa ya tafi da shi.

Don haka ka karɓi izini a rubuce, da sa hannu da hatimi, a faɗi abin da za ka naɗa da abin da ba za ka taɓa ba, da alƙawarin ɓoye suna. Duk ranar da ka dawo ka tura wa kanka kwafi ta imel, kada ka kwana ba ka yi ba. Ka kuma riƙe littafin rubutu, mutane sun fi sakin jiki in ba su ga waya a kan tebur ba.

Ofis biyu ko uku sun ishe ka. Ɗauki canji ɗaya a zane ka bi shi: wa ya kawo shawarar, wa ya ji, ta wace hanya, ina aka rubuta dalili. Zane yana nuna abin da aka yanke, ba ya nuna me ya sa, nan ne giɓin yake. Tun 1970 Kunz da Rittel suka fito da tsarin IBIS na rubuta matsala da zaɓuɓɓuka da hujjar kowanne, a kansa ne su Bracewell da Wallace na Jami'ar Kambirij suka gina manhajar DRed da kamfanin Rolls-Royce ya yi amfani da ita. Nemi aikin Saeema Ahmed ma, ta kwatanta sababbin injiniyoyi da tsofaffi a harkar injin jirgin sama, ta ga sabon shiga sau da yawa bai ma san tambayar da ya kamata ya yi ba. Ka tuna da wannan in wani ya ce maka maganin duka shi ne a zuba komai a rumbun kwamfuta. Wanda bai san me zai nema ba, me zai rubuta a wurin bincike?

Af, ka zana taswirar ofishin, wa ke zaune kusa da wa. Thomas Allen na MIT ya nuna tun 1977 cewa magana tsakanin injiniyoyi tana raguwa sosai da nisan teburinsu, in an kai wajen mita 50 da wuya su riƙa tattauna aiki. A wurin da na zauna, masu lantarki suna sama masu lissafin gini suna ƙasa, sai a masallaci suke haɗuwa, kuma rabin gyaran zane a bakin famfon alwala ake ƙulla shi. Irin wannan ne mai jarrabawa na waje zai so, don bai karanta shi a ko'ina ba. Masu son ganin lissafi a sashe kuma, ka yi musu jadawalin DSM na Steward, wanda Eppinger ya yaɗa, ka nuna wane aiki ke jiran bayanin wane, bakinsu zai mutu.

Kuma don Allah kada ka biya mujallun nan da ke turo saƙo suna cewa za su buga maka cikin mako guda. Takardun ICED, tarukan ƙasa da ƙasa kan zanen injiniya, suna shafin ƙungiyar Design Society, ka fara da su. Kada ka jingina da kuɗin tallafi ma, in ya zo falillahil hamdu. Ka yi min magana ta gefe in turo maka samfurin takardar izinin da na yi amfani da ita a ofis na biyu, sai ka gyara ta dace da naka. Wane fanni ne ma ofisoshin da ka je, gini ko injina?